SHARHIN MUSAMMAN: Dalilin da ya sa ɓera ba ya cin guba sau biyu, da abin da hakan ke nufi ga gidajen Tudun Wada a Minna

Da zarar hunturu ya kankama, aka fara cinna wa ciyayi wuta a gonakin da ke kewaye da Minna, mazauna Tudun Wada sun san baƙin da za su riƙa kwana da su. Ɓerayen da abinci ya ƙare wa a daji, da waɗanda dama can suke zaune a magudanan ruwa da juji, duk sai su nufo gidaje, domin a lokacin ne ake jibge da sabon hatsi, ga doya a kusurwar ɗaki, ga garin rogo a buhu.

A irin wannan lokaci ne na yi kwana huɗu a gidan wata innata a unguwar. Ta sayo shinkafar ɓera a wurin masu talla, ta barbaɗa a bayan buhunan masara. Da gari ya waye aka tsinci matattu uku, kowa ya yi murna. Daga ranar kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a sake taɓawa ba. Gubar tana nan a inda aka zuba ta, buhun da ke gefenta kuma ana ta ɓarnarsa kowane dare. Hukuncin da Inna ta yanke shi ne ɓerayen zamani sun yi boko. Na yi dariya a lokacin, amma da na bi diddigin abin da masana suka gano cikin shekaru fiye da ɗari da suka shafe suna nazarin ƙwaƙwalwar wannan dabba, sai na ga ashe ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Maganar ta wuce ta asarar masara. Ɓeran da ake kira Mastomys, ƙaramin nan mai yawan nonuwa da yawan haihuwa, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Cutar ba ta kwantar da shi, yana dai zubar da ita a fitsari da kashi, a kan abinci da kwanuka da shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ta tsananta wa har aka kwantar da su asibiti, kusan kashi 15 cikin 100 kan rasu, wasu daga waɗanda suka tashi kuma su tashi da kurumta. Jihar Neja ta ɗanɗana. A farkon 2016 sai da Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya je Fuka da ke Ƙaramar Hukumar Munya da kansa, bayan cutar ta yi ta kashe mutane a can kafin labari ya iso hukuma. Saboda haka tambayar me ya sa guba da tarko ke daina aiki tambaya ce ta rai.

Harshe da ciki

Ƙwaƙwalwar ɓeran da ake gwaji da shi ba ta wuce giram biyu ba, ƙwayoyin jijiyar da ke cikinta kuma kimanin miliyan 200 ne, alhali ta ɗan'adam tana da wajen biliyan 86. Duk da wannan tazara, tsarin ginin iri ɗaya ne: sassan da ke kan mutum akwai takwarorinsu a kan ɓera. Abin da muke kira wayon ɓera kuwa ba daga wuri guda yake fitowa ba. Sassa dabam-dabam ne, kowanne da matsalar da ya ƙware a kai, wani lokaci ma har su yi ta ja-in-ja a tsakaninsu.

Sashen da ya kayar da Inna shi ne mai haɗa ɗanɗano da ciwon ciki. Ɓera ba ya iya amai. Abin da ya haɗiya ya haɗiya ke nan, don haka tsirarsa tana ga taka-tsantsan tun daga baki. Idan ya tarar da sabon abinci, ɗan kaɗan yake gutsura ya tafi. In babu abin da ya same shi, gobe ya ƙara. In kuwa cikinsa ya murɗa, to shi da wannan ɗanɗano har abada.

Wani masani Ba'amurke, John Garcia, shi ne ya fito da wannan fili. A 1955 shi da abokan aikinsa suka ba ɓeraye ruwa mai zaƙin sakarin, sannan suka haska musu wani turiri mai sa tashin zuciya. Ɓerayen suka ƙaurace wa ruwan zaƙin har tsawon makonni. A 1966 shi da Robert Koelling suka ƙara wani gwaji mai ban sha'awa: duk lokacin da ɓera ya lashi ruwa mai ɗanɗano, sai fitila ta haska, a kuma ji ƙara. Waɗanda aka sa wa ciwon ciki daga baya sun ɗora laifin a kan ɗanɗano, ba su damu da fitila da ƙara ba. Waɗanda aka ɗana wa lantarki a ƙafa kuma suka ɗora laifin a kan fitila da ƙara, suka ci gaba da shan ruwan mai ɗanɗano. Wato ƙwaƙwalwar tana zaɓen wanda za ta tuhuma: ciwon ciki na abinci ne, zafin fata na abin da aka gani ko aka ji ne. An kuma tabbatar cewa ko da sa'o'i sun shiga tsakanin cin abincin da zuwan ciwon, darasin yana zama, kuma sau ɗaya ya isa. Manyan masanan zamanin sun daɗe ba su yarda da Garcia ba, domin abin ya saɓa wa ƙa'idar da suke koyarwa cewa dabba ba ta koyo sai an maimaita mata, kuma sai sakamako ya biyo baya nan take.

Binciken da ya biyo baya ya nuna inda wannan darasi ke zaune. Akwai wani yanki a gefen ƙwaƙwalwa da ake kira insula, inda ake tantance ɗanɗano, yana aiki tare da amigdala, wani ɗan curi da ke kula da tsoro da ƙyama, sai kuma wata mahaɗa a tushen ƙwaƙwalwa inda saƙon harshe da saƙon hanji ke gamuwa. Idan aka lalata yankin ɗanɗano na insula, ɓera kan kasa riƙe darasin yadda ya kamata, ya koma ga abin da ya sa shi ciwo.

Yanzu a dubi gubar da aka fi sayarwa a tire da baro. Mai saurin kisa ce, irin baƙin garin nan mai warin tafarnuwa. Ɓeran da ya ci da yawa ya mutu, shi ne wanda ake tsinta da safe. Wanda ya ɗan gutsura kuwa ya yi jinya ya warke, ya kuma haddace ɗanɗanon. Mai gida ya kashe masu garaje, ya bar masu hattara su hayayyafa.

Wannan ne ya sa gubar warfarin, da aka fara sayarwa a Amurka a 1948, ta sauya yaƙi da ɓera. Hana jini daskarewa take yi, kuma sai bayan kwanaki take kisa, lokacin da ƙwaƙwalwa ba za ta iya danganta ciwon da abincin ba. Shekara goma bayan haka aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Scotland, amma wannan gadon jini ne, ba wayo ba.

Akwai wata magana da ake yawan yi cewa ɓeran da ya ci guba yakan koma rami ya gargaɗi 'yan'uwansa. Bennett Galef na Jami'ar McMaster da ke Kanada ya gwada wannan a 1983, bai kuma samu hujjarsa ba. Abin da ya samu kishiyarsa ne: ɓera kan shinshina bakin ɗan'uwansa da ya dawo daga kiwo, ya ji ƙanshin abin da ya ci, sai ya fi son wannan abincin idan ya gamu da shi, ko da wanda ya shinshina ɗin ba shi da lafiya. Labarin abinci mai kyau ne ke yawo a rami. Na mugun abinci kowa da cikinsa yake koya.

Taswirar da ke cikin kai

Duk wanda ya taɓa kunna fitila ba zato ya ga yadda ɓera ke miƙewa sak zuwa rami, ba ya ko waiwaye. Wannan aikin wani sashe ne dabam, kuma a kansa aka fi zubar da tawada.

Tun a 1901 Willard Small na Jami'ar Clark a Amurka ya fara sa ɓeraye a akwati mai lunguna da kwana-kwana, abinci yana can ƙarshe. Shekaru da dama ana ɗauka cewa haddar juyi kawai suke yi: dama, hagu, dama. Karl Lashley, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yanke sassan ƙwaƙwalwar ɓera don neman inda tunawa take, har ya amsa a 1950 cewa bai same ta a wuri guda ba, ya ba da labarin wasu ɓerayensa da suka ture murfin akwatin, suka haye sama, suka yanke kai tsaye zuwa wurin abinci. Mai haddar dama da hagu ba zai yi haka ba. Sai wanda ya san inda abincin yake.

Edward Tolman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bi wannan zare. A 1930 shi da Charles Honzik suka bar wani rukunin ɓeraye suna yawo a akwatin kwana goma ba tare da an ajiye musu komai ba. A rana ta 11 aka sa abinci a ƙarshe. Washegari sai ga su suna gudu ba kuskure sosai, sun kamo waɗanda ake ba abinci tun ranar farko. Ashe duk yawon da ake gani kamar na banza, karatun wuri suke yi. A 1948 Tolman ya ce ɓera yana zana taswira a cikin kansa. An yi masa kallon mai zuƙi-ta-malle, domin ba wanda ya taɓa ganin taswirar.

John O'Keefe ne ya gan ta a Landan a 1971. Shi da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky suka dasa siraran wayoyi a wani sashe mai lanƙwasa kamar ayaba da ake kira hifokamfos, suka saurari ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya yayin da ɓera ke yawo. Sai suka tarar wata ƙwaya ba ta motsi sai ɓeran ya isa wata kusurwa, wata kuma sai ya isa bakin ƙofa. Kowane wuri da ƙwayoyinsa. A 1982 Richard Morris da O'Keefe da abokan aikinsu suka kawo hujjar da ta rufe baki. Aka cika wani babban baho da ruwan da aka gauraya da madara don kada a ga ƙasa, aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan. Ɓera mai lafiya, bayan 'yan gwaje-gwaje, daga duk inda aka sake shi sai ya yi iyo kai tsaye zuwa dandamalin, yana amfani da alamomin ɗakin. Wanda aka lalata wa hifokamfos kuwa sai ya yi ta kewaye. Da aka ɗago dandamalin ya fito fili, shi ma ya nufe shi. Idonsa lafiya, ƙafarsa lafiya, taswirar ce babu.

A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser, a Trondheim ta ƙasar Norway, suka gano wasu ƙwayoyi a sashen da ke maƙwabtaka da hifokamfos, masu auna tazara bisa tsari mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Su biyun da O'Keefe aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2014. Ɓeran bai daina aiki da taswirar ko yana barci ba: a 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin yawo sukan sake motsawa tare cikin barci, tamkar ɗalibi yana tilawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin Adam Johnson da David Redish na Jami'ar Minnesota a 2007. An daɗe da lura cewa ɓera kan tsaya a mararraba ya dubi dama ya dubi hagu kafin ya zaɓa. Da suka saurari hifokamfos a daidai wannan tsayuwa, sai suka ga ƙwayoyin wuraren da ke gaba suna motsawa bi da bi, na wannan hanya tukuna, sannan na waccan, alhali ɓeran yana tsaye. Yana bin hanyar a zuci kafin ya bi ta da ƙafa.

Wannan taswira ce ke sa sabon tarko ya kwana uku ba a kusance shi ba. Ɓeran da ya san kowane lungu na ɗaki yakan gane abin da jiya babu shi, ya kuma kauce masa har sai ya zama tsohon kaya. Mai gida kuma, da ya ga dare biyu ba kamu, sai ya ɗauke tarkon ya sauya masa wuri, ya mayar da shi sabo ke nan.

Sabo da sauya shawara

Taswira ba ita kaɗai ke tuƙa ɓera ba. A 1996 Mark Packard da James McGaugh suka koya wa ɓeraye shiga wani akwati mai hannu huɗu daga kudu, su juya zuwa hannun yamma inda abinci yake. A rana ta 8 aka sako su daga arewa, yawancinsu suka nufi yamma, wato sun bi taswira. Aka ci gaba da horo, a rana ta 16 aka sake sako su daga arewa, sai yawancinsu suka yi juyin da jikinsu ya saba, suka ɓulla gabas inda babu komai. Sabo ya karɓe linzami. Da aka sa wa sashen da ke riƙe da sabo, wani curi a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira sitirayatom, allurar kashe zafi, sai suka koma bin taswira. Ashe tana nan, danne ta aka yi.

Nan ne raunin ɓera yake. Hanyar da ya bi sau ɗari ba ya sake tunani a kanta, kuma kusan kullum jikin bango ce, domin ganinsa ba shi da ƙarfi, da gashin baki yake lalube. Kowane gashi guda yana da nasa gurbin a ƙwaƙwalwa. Baƙin maiƙon da ake gani a gindin bango ko a kan katakon rufi shi ne sawun wannan sabo.

Sauya dabara idan ta daina aiki kuma nauyin sashen goshi ne. Jennifer Birrell da Verity Brown na Jami'ar St Andrews sun nuna haka a 2000. Suka riƙa binne abinci a ɗaya daga cikin kwanuka biyu, wani lokaci ƙanshin kwanon ne alama, wani lokaci kuma irin abin da aka cika shi da shi. Ɓerayen da aka lalata wa tsakiyar sashen goshi sun koyi ƙa'idar farko lafiya lau. Da aka sauya, aka ce yanzu a bar bin ƙanshi a bi abin da ke cikin kwano, sai suka daɗe suna maƙale da tsohuwar. Likitoci suna ganin irin wannan maƙalewa ga mutanen da suka ji rauni a goshi, shi ya sa ake kashe kuɗi a kan ɓera tun farko.

Wannan baiwa ta haɗa ƙanshi da sakamako har an mayar da ita sana'a. Ƙungiyar APOPO, da ke horo a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine a Morogoro ta Tanzaniya, tana koya wa gafiya shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a majina, ladanta ayaba da gyaɗa. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya kafin ya yi ritaya a 2021. 'Yar'uwar gafiyar nan ce da yara ke haƙa a bayan gari.

Komawa Tudun Wada

Yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan ɓeran ɗakin bincike, jikan babban ɓeran magudana, kuma shi ya fi kowa tsoron sabon abu. Mastomys wani jinsi ne, ƙananan ɓerayen gida ma sun fi shi karambani. Sai dai sassan ƙwaƙwalwar duk suna da su, kuma ƙin abincin da ya taɓa sa ciwo halin dangin ne gaba ɗaya.

Dabarar da ta fito daga wannan ilimi tsohuwa ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ɓeraye suka addabi rumbunan abincin Ingila, masanan Oxford ƙarƙashin Charles Elton, ciki har da Dennis Chitty, sun ba da shawarar a fara ciyar da ɓera abinci marar guba na 'yan kwanaki a wuri guda, sai ya saki jiki. Haka ma tarko: a ajiye shi a jikin bango inda sawu yake, da abinci a kai amma ba a ɗana ba, dare uku ko huɗu, kada a motsa shi, sannan a ɗana da yawa a dare guda. A gidan haya mai yara da kaji, wannan ya fi barbaɗa guba aminci nesa ba kusa ba, domin gubar da ba ta da saurin kisa ma tana kashe yaro da kyanwa, kuma yaro bai da taka-tsantsan ɗin ɓera.

Amma ɓeran da ya ƙoshi ba ya kallon tarko. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin masara tana buhu a ƙasa, kwanukan tuwon dare suna kwana ba wanki, garin rogo yana shanye a bakin hanya, to mai tarko yana gasa ne da abincin da ɓera ya riga ya amince da shi. Durom mai murfi ko bokitin roba mai kauri, da toshe ramuka da siminti ko ragar ƙarfe, su ke goge wuraren da ke cikin taswirar. Tsumma da kwali ba sa tare haƙorin da ba ya daina tsiro.

A yankin Faranah na ƙasar Gini, inda Lassa ta yi katutu, masu bincike sun shafe shekara huɗu suna sa guba a gidajen wasu ƙauyuka sau ɗaya a shekara. Ɓerayen kan ragu ƙwarai, cikin 'yan watanni kuma su dawo yadda suke, saboda haihuwa da kuma masu shigowa daga waje. A unguwa irin Tudun Wada, inda katanga ke jingine da katanga, kwata ɗaya ke ratsa gidaje da dama, taswirar ɓera ba ta tsaya a iyakar gidan mutum ɗaya ba. Wanda ya share nasa shi kaɗai ya buɗe wa na maƙwabta gurbi ne. Aikin na layi guda ne a mako guda, da hannun mai unguwa da jami'an duba-gari na Ƙaramar Hukumar Chanchaga.

Ɓeran da aka kama kuma, musamman a kan allon danƙo inda yakan yi fitsari saboda firgita, ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, ba a kuma ba yara su jefar. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi ko a ƙone, a wanke wurin da ruwan bilic. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a gidan da ake fama da ɓera, a cikin mako uku da taɓa shi ko cin abin da ya ɓata, na asibiti ne tun da wuri, kuma a gaya wa likita maganar ɓeran.